Buhu Bakwai na Baba Tanko

Jiya na ji ɗaya daga cikinku yana gaya wa abokinsa wai sana'ar kakansa ba wata sana'a ba ce, zama ne kawai a kan buzu da ƙunsa ɓawon itace a takarda. Da Larabci ya faɗa, yana zaton kunnena ya mutu. Kunnena ƙalau yake, gwiwa ce kawai ta juya mini baya. To ku matso nan. Zan ba ku labarin zaman buzun, kuma da Hausa zan bayar, wanda bai gane ba ya je ya tambayi uwarsa.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne tauna. Ina ɗan shekara goma sha huɗu mahaifina, wanda ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa, ya kama hannuna ya kai ni shagon Baba Tanko a nan unguwar Hindawiyya ta Jidda. Ya ce ga shi nan, bayansa ba na ɗaukar buhu ba ne, a gwada ko kansa zai ɗauki wani abu. Baba Tanko mutumin ƙasar Zazzau ne, gajere, siriri, mai ɗan gemu tsilli-tsilli. Da ƙafa ya zo ƙasar nan, shekara bakwai yana hanya, yana tsayawa noman auduga a Sudan yana tara guzuri. Ko sannu bai ce mini ba. Ya sa hannu a wani gwangwani ya ɓantaro jan ɓawo, ya ce in tauna. Na tauna. Wallahi har yau in na tuna sai yawu ya tarar mini a baki, ashe maɗaci ne. Na ruga bakin ƙofa na tofar, hawaye na zuba. Shi kuwa ya ce wa mahaifina a kawo ni gobe da safe, tunda dai ina da hankalin da ban tofa masa a tabarma ba.

Wata shida ban taɓa sikeli ba. Sai shinshina, sai tauna, sai karya. Yakan ɗaure mini ido da rawaninsa ya ɗora mini abu a tafin hannu, in faɗa masa marke ne ko taura, ƙirya ce ko kalgo, kuma na bana ne ko na bara. Ɓawon da ya bushe da kyau ƙas yake karyewa. Wanda laima ta shiga sai ya lanƙwasa tukuna, in ka kai hanci ka ji warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Saiwar sanya tun daga bakin ƙofa take gaishe ka da ƙamshinta. Sabara a ganye take zuwa, toka-toka, in ka murza ta zama gari to ta yi, in ta manne maka a yatsa a mayar da ita rana. In na yi kuskure ba ya duka. Sai dai ya girgiza kai ya ce, "Allah ya ba mai shan maganinka haƙuri." Na fi son a mare ni da in ji wannan maganar.

Ku riƙe abu ɗaya, don a kansa labarin yake tafiya. Ni haifaffen Jidda ne. Duk itatuwan nan da nake lissafa muku ban taɓa ganin ko ɗaya a tsaye ba. A buhu na san su, a bushe, a gutsuttsure. Da za a kai ni gindin maɗaci a wancan lokaci, sai in sha inuwa in yi barcina in tashi ban san a wurin wa na sauka ba.

Sara shi ne aikin da ya fi cin hannu. Muna da ɗan gatari mai gajeriyar ƙota da wani kututture da ya ci sara har ya yi rami a tsakiya. Ɓawo sai an sassara shi kamar faɗin yatsa biyu kafin ya shiga turmi, in ba haka ba taɓarya ta yi ta tsalle kana ta zufa a banza. Turmi biyu ne, babba na itace a ɗakin baya, ƙarami na tagulla don kimba da masoro da kanumfari. Rariya uku ce, mafi laushi ta ƙyalle, ita ce ta garin da za a ba jinjiri, kuma ba a taɓa tankaɗe wani abu da ita. Sai sikelin tagulla mai faranti biyu, yana zaune a kan wani tebur da ƙafarsa ɗaya ta gaza sauran tsawo. Babban abokin gabarmu kuwa laimar Jidda ce. Duk ranar Alhamis sai na hau saman soro da buhuna ɗaya bayan ɗaya, in baza a tabarmi, in juya da azahar, in sauko da su kafin iskar teku ta taso. Ranar da na makara, Baba yana taɓa buhu ɗaya zai gane.

Masu zuwa shagon iri-iri ne. Lokacin hajji alhazai ne da tari da tsagewar ƙafa, da waɗanda cikinsu ya ƙi abincin nan. Sauran watanni 'yan dako ne da ciwon baya, da direbobi, da Larabawan da suke fara aiko mai aikinsu, in sun ji daɗi su zo da kansu bayan la'asar suna waige-waige. Akwai wani mai gidan burodi da ya zo ya tsaya ƙiƙam ya ce wani abokinsa ne ke fama da basir. Baba ya nuna masa benci ya ce ya zauna, mutumin ya ce a'a, tsayuwar ta fi masa. Baba ya ƙunsa masa magani ya ce a gaya wa abokin ya rage barkono, kuma in ya sake zuwa akwai matashi mai laushi a bayan ƙofa. Amma fa in ya duba mutum ya ga abin ya fi ƙarfinsa ba ya ɓata masa lokaci. Sai ya ce, "Wannan ba namu ba ne. Yalla, asibiti." Ba ya sayar masa da ko ƙwayar kanumfari.

Abin da ya riƙe shagon, wanda ya sa ake tasowa tun daga unguwar Mahjar har da Makka, shi ne haɗin masu jego. Sauran kaya kowane mai magani a unguwa yana da irinsu, wannan kuwa sai wurin Baba. Matarsa Inna Kulu ce take kai wa mata a gidajensu, ta nuna musu yadda ake dafawa da yadda ake sha a kunu har kwana arba'in. Abubuwa bakwai ake haɗawa. Wani ƙanensa a can gida ne yake tara su, ya ɗinke bakin kowane buhu da zare mai launi dabam, ya ba amintaccen alhaji ya taho da su tare da sauran kayanmu, ta mota har bakin teku a Sudan, sannan jirgin ruwa. Sau ɗaya a shekara suke zuwa. Ba a ajiye su a gaban shago, kai tsaye ɗakin baya ake wucewa da su. Kuma ba a kiransu da sunansu na gaskiya. Baba ya raɗa musu nasa: Liman, Ladan, Amarya, Tsohuwa, Baƙo, Ɗan'auta da Wanzami. Sai ka ji ya ce in sassaro Liman in dake shi da Tsohuwa, wanda ke zaune a benci ya yi ta zare ido.

Wannan ba wasa ba ne, al'adar sana'ar ce kamar yadda shi ma ya gada. Maigida yakan koya wa yaronsa komai, amma ainihin sunayen babban haɗinsa da awonsu ba ya faɗa sai ranar da zai tashi daga buzu ya bar masa shago. In ya faɗa, halas, shi ke nan, ya sallama, ba ya sake zama ya auna wa kowa magani. Kuma ba ya gaya wa bare kafin ya gaya wa magajinsa. Shi ya sa na kai shekara talatin da uku, da mata da 'ya'ya biyu, ni ke sara ni ke daka ni ke tankaɗe, amma in an zo awon haɗin sai in juya baya in kalli bango kamar wanda aka yi wa horo a makarantar allo. Ban taɓa jin haushi ba. Na san ranar da zan juyo ita ce ranar da Baba zai zama baƙo a shagonsa, kuma ba na marmarinta.

Yanzu sai littafin. Wata shekara wani malamin asibiti daga Kano da ya rako alhazai ya kamu da tarin da allurarsa ta kasa. Baba ya ba shi abin da ya ba shi, ya samu sauƙi. Da zai koma ya kawo tukwici, wani littafi mai kauri da baƙin bango. Ya ce wani Bature ne ya zaga ƙasar Arewa tun zamanin kakanni yana tambayar mutanen ƙauye sunan kowace bishiya da ciyawa da amfaninta, ya rubuta da harshen ƙasarsu wanda ba kowa ke ji ba, sai kwanan nan aka juya shi zuwa Ingilishi. A ciki akwai sunan Hausa, da sunan da masana suka sa wa kowane tsiro, da zane-zane. Baba ya karɓa hannu biyu ya yi godiya ya sa albarka. Malamin yana fita ya ce in ɗaga teburin sikeli, ya cusa littafin ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Ya zauna daram kamar don shi aka yi. Shekara uku yana nan, kuma ban taɓa ganin sikelinmu ya daidaita kamar a shekarun nan ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Kun san ruwan Jidda, ya yi wata goma sha ɗaya bai leƙo ba, ranar da ya zo sai ya rama duka. Ranar wata Laraba da hantsi ya sauko, rufin ɗakin baya ya tsage, kafin mu kwashe kaya ruwa ya kai idon sawu. Muka shanya kwana biyar, ina! Hunhuna ta riga ta kama. Abin da muka ceta bai cika faifai uku ba, daga buhu bakwai ɗin nan kuwa sai ɗan guntu-guntu da ba a iya ba mutum. Saura wata biyu alhazai su fara isowa. Muka zauna muna ba mutane haƙuri. Inna Kulu tana dawowa daga unguwa tana lissafa mana matan da suka kusa haihuwa, gidan wane da gidan wane, har da matata Rabi, kakarku. Cikin ubanka ne take ɗauke da shi, kai mai cewa ba sana'a ba ce.

Jirgi ya iso, alhajin da ya riƙo mana kaya ya zo ya ce buhu talatin da biyu suna tasha, an hana shi fita da su. Na tafi ofishin duba kaya. Ashe an yi sabuwar doka, saboda wani gari da aka shigo da shi daga wata ƙasa ya kwantar da mutane. Duk wani ganye ko saiwa sai an rubuta sunansa irin na masana a takarda, ma'aikacinsu ya duba ya yarda. Wanda ba shi da suna bayan kwana goma sha biyar a ƙone shi. Ma'aikacin saidali ne, wato masanin magungunan asibiti, mutum mai sanyin magana. Ya ce shi ba ya gaba da maganin gargajiya, kakarsa ma da shi ta rene shi, amma ba zai sa hannu a kan abin da bai san ko mene ne ba. Gaskiyarsa ce, sai na juyo.

A hanyar dawowa na tuna da ƙafar tebur. Na ɗaga na zaro littafin, ƙafar ta bar masa rami a bango. Na kai wa Ustaz Bashir, maƙwabcinmu, Bahaushen Sudan ne da ya yi makarantar boko a can, yana akawu a wani kamfanin motoci. Ingilishi a bakinsa kamar ruwa, amma bai san bambancin sabara da alayyafo ba. Muka zauna yini biyu, ni in faɗi sunan Hausa, shi ya nemo a jerin sunayen da ke ƙarshen littafin ya kwafe dogon sunan masana harafi-harafi. Maɗaci, marke, taura, kalgo, sanya, duk ga su nan. Buhu ashirin da biyar suka samu suna. Saura bakwai. Ustaz ya duba ya sake dubawa, ya ɗago ya ce mini da gaske, babu wata bishiya mai suna Liman a littafin nan.

Na sami Baba na durƙusa na gaya masa. Ya ce ya ji. Na ce saura kwana goma sha ɗaya. Ya ce ya iya lissafi. Shekarunsa sun haura saba'in a lokacin, idonsa ya fara hazo, amma hannunsa bai taɓa rawa a kan sikeli ba, kuma bai ga dalilin da wata takarda za ta tashe shi daga buzunsa ba. Da na ga haka na kawo shawarar banza, na ce mu zaɓi kowane suna bakwai a littafin mu rubuta, wa zai gane? Wallahi kallon da ya yi mini sai da na ji kamar in nutse. Ya ce shekara goma sha tara yana koya mini kada in ba mutum abu da sunan wani abu, ashe duk a bayan kunnena yake zuba. Kwana biyu bai amsa gaisuwata da baki ba, sai da kai.

Inna Kulu ce ta kawo dabara. Ta ce tunda tsohon ya kafe, mu daina roƙonsa. Ustaz ya riƙa zuwa shago bayan la'asar yana karanta littafin da ƙarfi yana juya mini da Hausa, ni kuma in ajiye guntayen nan bakwai a faifai, in na ji bayanin da ya yi kama da ɗaya in kama. Haka muka yi. Sai dai Baturen nan, Allah ya jiƙan aikinsa, ganye da fure ya fi ba ƙarfi. Ganyen kaza mai tsini ne, furen kaza fari ne mai kunne biyar. Ni me na sani game da fure? Ɗanɗano nake jira, shi kuma da wuya ya ce ya tauna. Duk da haka na dage ina neman bishiya bakwai. Na ɗora Liman a kan wata, na ɗora Wanzami a kan wata, gobe in sauke in sake. Baba yana kan buzunsa ya juya mana gefe yana jan carbi kamar ba ya ji, amma sau biyu na ga kafaɗarsa tana rawa, dariya yake yi mini a ɓoye. Na ji haushi ƙwarai, ga kwana yana ƙarewa.

Ranar kwana na goma sha biyu Ustaz ya iso kan ɗorawa. Ban ma kasa kunne sosai ba, don ɗorawa ai na san ta, da kalwarta ake daddawar da muke ci a miya, garinta rawaya mun sha shi muna yara. Ya karanta cewa babbar bishiya ce mai faɗin inuwa, furenta ja ne dunƙulalle yana lilo a dogon zare, kuma da damina take yinsa.

"Ƙarya ne," in ji Baba, bai ko juyo ba. "Da rani take fure, kafin ruwa ya sauka."

Ustaz ya ce haka aka rubuta. Baba ya juyo gaba ɗaya ya ce to ko Baturen ya yi barci, ko mai juya maganar ya yi tuntuɓe, amma ɗorawa ba ta taɓa fure da damina ba tun da Allah ya halicce ta. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce akwai guda uku a gonar mahaifinsa. In sun yi tutu, haka ake kiran furen, ƙudan zuma sukan cika su har ba ka jin maganar na kusa da kai, su kuma yara suna jifa ya faɗo su tsotse zaƙin. Ya faɗi yadda mata suke kakkaɓo 'ya'yan da doguwar gora, da yadda ake jiƙa ɓawonsu a yi daɓen ɗaki. Tun da nake da shi ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Ya ce a miƙo masa zanen. Ya kai littafin dab da hancinsa, ya daɗe yana kallo, ya ce mai zanen dai ya ganta da idonsa, wannan ba a gaya masa ba. Shekara hamsin da wani abu rabonsa da ita.

Ustaz ya ɗauki fensir ya gyara a gefen shafin, sannan ya ci gaba. Ƙarshen bayanin ya ce mutanen ƙauye sun gaya wa marubucin cewa ana dafa ɓawonta a ba mace bayan haihuwa. Baba ya ajiye carbinsa. Can ya tambaya ko an faɗi nawa ake sawa, da me ake haɗawa. Ustaz ya duba ya ce a'a, iyakar abin da aka rubuta ke nan. Baba ya ce to, ya tashi ya ɗauki sandarsa ya tafi gida tun ba a kira magariba ba. Inna Kulu ta gaya mini daga baya cewa bai ci tuwo ba, tambayarta kawai ya yi mata nawa ne suka kusa, ta lissafa masa.

Washegari da safe ina shara ya shigo ya ce in ɗauko faifan in biyo shi ɗakin baya, in rufe ƙofa. Na gane abin da yake shirin yi, na ce Baba a bari, akwai sauran kwana biyu, zan koma in roƙi saidalin. Ya ce in miƙo hannu. Ya ɗora mini Liman ya ce ɓawon ɗorawa ne. Ya ɗora Ladan, saiwarta. Amarya, busasshen tutunta. Tsohuwa, makuba, wato ɓawon 'ya'yanta. Sauran ukun kuma, Baƙo da Ɗan'auta da Wanzami, ɓawo ne da ƙaro da saiwar bishiya guda, hano. Na jujjuya su a tafin hannuna. Launinsu dabam, ƙamshinsu dabam, ɗanɗanonsu dabam, yadda suke karyewa dabam. Ko a mafarki ban taɓa kawo cewa abu huɗu irin waɗannan za su fito daga gindi ɗaya ba. Yaron ƙauye ɗan shekara bakwai a ƙasar Zazzau da ya gane rabinsu da kallo ɗaya.

Na ce, "Baba, ashe biyu ne?"

Ya ce, "Shekara goma sha tara kana daka uwa da 'ya'yanta a turmi ɗaya, ba ka san dangi ba ne. Ba laifinka ba ne, ɗan Jidda. Ɗauko sikeli."

Na ɗauko, na juya baya yadda na saba. Ya ce in juyo. Ya auna a gabana sau uku, a hankali, ya sa na auna sau uku a gabansa. Ya ce sunaye in kai wa masu takarda, tunda Bature ya riga mu faɗa musu, amma awo ba ya shiga takarda, daga hannu sai hannu. Ina aunawa ina kuka, ba na ɓoye muku, ga ni ƙato da gemu. Ya ce in matsa gefe kada in jiƙa masa kaya, laimar da muka sha bana ta isa.

Da hantsi ni da Ustaz Bashir muka tafi tasha da takarda da littafin. Saidalin ya sa aka kwance buhunan ɗaya bayan ɗaya, yana duba takarda yana duba shafi. Da ya zo kan ƙaron hano ya shinshina ya ce ai wannan ɗan'uwan lubban ne, kakarsa tana turara irinsa. Ya ga gyaran fensir a gefen shafin ɗorawa ya tambayi wanda ya yi, Ustaz ya ce wani malami ne da ya fi littafin sanin bishiyar. Ya buga hatimi. Muka ɗauki amalanke biyu muka taho, ina tafe a gefe hannuna a kan buhu mai jan zare har Hindawiyya. Kwana tara bayan haka Rabi ta sauka, kuma haɗin da ta sha ni na auna shi.

Amma kafin nan, washegarin ranar da kaya suka iso, na buɗe shago na share na kaɗe buzu na shimfiɗa, na koma wurina kusa da turmi. Sai ga Baba da sandarsa a lokacin da ya saba. Ya yi sallama, ya wuce buzun kamar bai gan shi ba, ya je ya zauna a bencin masu jira. Na tsaya. Na ce Baba don Allah. Bai kula ni ba, ya jingine sanda, ya miƙe ƙafa ɗaya yana shafawa.

Ya ce, "Mai shago, gwiwa ce ke damuna. A taimaka mini."

Ba yadda zan yi, ba a auna magani a tsaye. Na zauna a buzun, na auna masa, na ƙunsa, na miƙa hannu biyu. Ya kwance ƙunshin ya kai hanci, ya daɗe, sannan ya ce citta ta ɗan yi yawa amma za a iya sha. Shekara shida ya yi yana zuwa bencin nan kullum, yana hira da masu jira yana gaya musu mai shagon yaro ne amma hannunsa ba laifi. Ko sau ɗaya bai sake taɓa sikelin ba har Allah ya karɓi abinsa.

Littafin yana cikin akwatin can, da ramin ƙafar tebur a bangonsa da fensirin Ustaz a ciki. Buzun kuwa shi ne wannan da nake zaune a kai, gashinsa duk ya ƙare. Sunaye bakwai kun ji su yau a banza, tunda suna cikin littafi. Awon yana nan a hannuna, kuma hannun ya fara rawa. Kai, mai Larabci. A'a, ba kai na gaba nake nufi ba, na bayanka, wanda ya yi maganar jiya. Matso. Buɗe gwangwanin can na biyu, ɓantaro kaɗan.

Tauna. In za ka tofar, ga ƙofa can.